Kafin Ka Kori Masu Allura Daga Ƙofar Gidanka

A ƙarshen shekarar 2022 wata cuta da aka ɗauka an gama da ita ta sake ɗaga kai a Kano. Mashaƙo. Yaro zai fara da ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, irin wanda uwa kan aika kemis a sayo sirof. Kwana biyu ko uku sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a cikin maƙogwaron, wuya ya kumbura, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya koma da ƙyar. Wanda ya tsallake shaƙewar ma bai tsira ba tukuna, domin dafin da ƙwayar cutar ke zubawa a jini yana bin zuciya, yakan kashe yaro bayan makonni, daidai lokacin da gida ya fara murnar an samu sauƙi. Yobe da Katsina da Bauchi da Borno duk sun ɗanɗana, haka ma yankin Damagaram a Nijar cikin 2023. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna an rasa rayuka fiye da 1,000 a Najeriya, galibi yara, kuma Kano ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na waɗanda suka kamu.

Rigakafin mashaƙo ya kai shekara 100 a duniya. Yana cikin allurar nan ta Penta da ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, ba a biyan ko sisi. Da aka bi bayanan yaran da suka kamu, sai aka tarar akasarinsu ba a taɓa yi musu ba, ko an fara ba a ƙarasa ba.

Shi ya sa nake ganin lokacin lallashi ya wuce game da wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa a tsakaninmu. Wani zai ɗauki waya ya naɗi murya, ya buɗe da sallama irin ta masu wa'azi, ya ce a tura wa duk Musulmin da ake ƙauna: an yi wa yara allura a wani ƙauye sun faɗi sun mutu, kowa ya ɓoye 'ya'yansa. Wane ƙauye? Babu suna. Wace rana? Shiru. Shi mai maganar wane ne, me ya karanta, a ina za a same shi a yi masa tambaya? Oho. Kafin la'asar saƙon ya zaga zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai. Washegari mata masu ɗigon rigakafin shan inna su yi sallama, a leƙo ta bayan labule a ce mai gida ya hana. Wanda ya naɗi muryar ba zai je ko jana'iza ɗaya ba. Wanda ya tura kuwa yana ganin lada ya samu.

Ba na cikin masu cewa duk mai shakka jahili ne. Shakkar mutanen Arewa tana da uwa da uba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a cikin yara kusan 200. Yara 11 suka rasu a cikin gwajin, wasu suka tashi da kurumta ko nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafi na bogi a garin Abbottabad na Pakistan tana farautar Usama bin Ladan, ta ja wa ma'aikatan lafiya na gaskiya baƙin jinin da wasunsu suka biya da rayukansu. Waɗannan abubuwa sun faru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai Trovan ba rigakafi ba ne. Magani ne da ke matakin gwaji, aka ba yaran da suka riga suka kwanta. Alluran da ke cikin katin jaririnka an shafe shekaru masu yawa ana yi wa ɗaruruwan miliyoyin yara, a Masar da Saudiyya da Malesiya da Ingila, 'ya'yan talaka da 'ya'yan sarki. Darasin 1996 shi ne a sa wa kamfanoni ido, a matsa wa NAFDAC ta yi aikinta, a tambayi duk wanda ya zo da sabon abu. Wanda ya mayar da darasin ya zama hana ɗansa Penta, fansar yaran 1996 yake ɗauka a kan ɗan cikinsa.

Mun ma riga mun gwada ƙin, mun ga abin da ya haifar. A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, ta yi zargin cewa an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda, ana ta gwaje-gwaje a gida da waje, sai a ƙarshen watan Yulin 2004 Gwamna Ibrahim Shekarau ya amince a ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan aikin gama ya gama. Yaran da shan inna ya shanye a Najeriya, waɗanda ba su wuce kimanin 200 ba a 2002, suka haura 1,100 a 2006. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Sudan ta isa Yaman, ta isa Indonesiyar kanta a 2005 ta nakasa ɗaruruwan yara a can. Mun sayo rigakafi daga wurinsu, mun aika musu da cuta. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗancan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, kuna ganinsu a kan keken guragu a bakin danja. Kuma zargin bai tsaya a baki ba: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mutum 9 masu aikin rigakafi, akasarinsu mata, a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano. Maganar da ake yi a majalisa ana dariya, akwai mai ɗaukarta ya tafi da ita har can.

Zargin hana haihuwar nan kuwa lokaci ya yi masa hukunci. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a 2004 da 2005, wasu sau goma, wasu fiye, yau suna ɗakunan mazajensu da goyo a baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaiciyar mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar yara fiye da 6, a Katsina fiye da 7. Nijar, inda aka yi ta zagayen ɗigo kamar mu, tana sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa. In da makircin hana mu haihuwa ne, to ba a taɓa yin makircin da ya sha ƙasa irinsa ba. Amma har gobe za ka ji mai 'ya'ya goma sha biyu, duk an yi musu ɗigo, yana maimaita zancen.

To, a zo ga awon gaskiya, domin ƙarya ne a ce allura ba ta da illa ko kaɗan. Penta tana sa zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, wurin ya kumbura, jariri ya kwana yana kuka, uwa ta kwana a zaune, uba ya tashi da safe yana cewa lafiya lau aka kai yaro aka dawo da shi ba lafiya. Allurar BCG ta tarin fuka tana yin ɗan ƙurji ta bar tabo. Wani lokaci zafin jikin yakan kai yaro ga jijjiga, abin tsoro ga mai kallo, ko da yake yawanci yana wucewa ba tare da ya bar lahani ba. Idan ma'aikaci ya yi ganganci da tsafta wurin yana iya yin maruru, wannan laifin hannu ne. Akwai kuma mummunan bore da jiki kan yi wa allura nan take, wanda ke faruwa kimanin sau 1 a cikin allura miliyan 1, kuma yana da magani in ana asibiti, shi ya sa ake cewa uwa ta ɗan zauna kafin ta kama hanya. Ka ɗora wannan duka a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ka ɗora mashaƙo, mai kashe kusan 1 cikin 10 ko da an kai asibiti, ya fi haka nesa in ba a kai ba. Kukan dare biyu da likkafani ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane masu kyakkyawar niyya. A yankin da fiye da yaro 1 cikin 6 ba ya kai shekara 5, kamar yadda binciken 2018 ya nuna game da Arewa maso Yamma, kowane mako akwai yaran da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari za su ɗauke, an yi allura ko ba a yi ba. Idan aka yi wa miliyoyin yara rigakafi a mako guda, dole wasu daga cikin waɗannan rasuwa su faɗo a cikin makon. Iyayen da abin ya shafa ba za a zarge su ba don sun haɗa biyun, baƙin ciki ne. Haƙƙinsu ne a bincika a gaya musu abin da aka gano. Wanda za a zarga shi ne na gefe, da ya ɗauki hawayensu ya yi jari da shi.

Wani zai ce ai ya ji ɗigon shan innan da kansa yana haddasa shan inna. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma gara ka ji ta cikakkiya. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Tana fita ta bayan gida, kuma idan ta faɗo a unguwar da yawancin yara ba su da rigakafi, takan yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Irin wannan ce ta rage mana, tun da ainihin ƙwayar an yi mata ganin ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Amma ka lura da wanda take kamawa: yaron da ba a yi wa ba, a garin da aka ƙi. Inda kusan kowane yaro ya karɓa ba ta samun wurin zama. Wato ƙin da ake yi saboda tsoronta, shi ne abincinta.

Ƙyanda kuwa mun saba da ita har mun daina ganin girmanta. Baƙon dauro, in ji iyayenmu, yana zuwa da bazara, a kulle yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a jira ƙuraje su fito su bushe. Ana ɗaukarta kamar harajin da kowane yaro sai ya biya. Alhali babu cutar da ta fi ta saurin kamu: in mai ita ya yi tari a ɗaki, ƙwayar tana iya zama a iska har awa 2, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, 9 za su ɗauka. Tana makantar da yara, musamman masu ƙarancin abinci mai gina jiki, tana kawo ciwon huhu da gudawa da kumburin ƙwaƙwalwa. Bayan ta tafi ma takan bar garkuwar jiki a raunane, yaro ya yi ta laulayi. Kafin rigakafinta ya yaɗu tana kashe mutum fiye da miliyan 2 a duniya kowace shekara. Allura biyu ce, a wata 9 da wata 15. Kuma don gari ya tsira sai kusan kashi 95 cikin 100 na yara sun samu, domin jaririn da bai kai wata 9 ba ba shi da kariyar allura, sai ta maƙwabta. Saboda haka mai cewa 'ya'yana ne, ni ke da iko da su, ya sani ɗan maƙwabcinsa ɗan wata 5 ma ya shiga cikin hukuncin da ya yanke. A binciken 2018, yaran Sakkwato da suka kammala alluransu na farko kashi 5 ne cikin 100, na Anambra kashi 76. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yaran da ba a taɓa yi wa ko allura ɗaya ba, sama da miliyan 2, kuma mun san a wane ɓangare yawancinsu suke.

Ku tambayi dattawan gidanku labarin agana, su nuna muku lambar da ke damtsensu. Cutar da ta cika garuruwanmu da makafi da masu zanzana a fuska, rabon Najeriya da ita tun 1970, duniya kuma ta yi bankwana da ita a 1980. Da me? Da lamba. Sanƙarau nau'in A, wanda ya yi kisan 1996, ya kusa ɓacewa tun da aka fara allurar MenAfriVac a Nijar a 2010, a Najeriya a 2011. Da nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017 ya kashe fiye da mutum 1,000, abin da aka yi ta kuka a kai shi ne ƙarancin allura. Lokacin nan babu wanda ya ɓoye ɗansa, layi aka yi ta bi ana turereniya.

Masu fakewa da tawakkali su ne suka fi ba ni mamaki. Babu Musulmin da ke musun cewa cuta da waraka da ajali duk a hannun Allah suke. Amma Sayyidina Umar, da ya doshi Sham aka tare shi da labarin annoba, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'arsa, kuma da aka tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Mun fi shi imani ne? Sannan ga abin da kowa ke gani duk shekara: Saudiyya ba ta barin maniyyaci daga ƙasashenmu ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna. Alhaji zai je da ƙafarsa ya naɗe hannun riga a yi masa, ya karɓi katinsa ya adana cikin fasfo, ba ya tambayar wa ya haɗa maganin. Ya dawo gida ya hana jaririnsa. In allurar haramun ce ko guba, yaya aka yi ta halatta ranar da kujerar Makka ta dogara da ita? Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan wannan aiki tun 2009, manyan malamai na ɓangarori daban-daban sun yi bayani. Malamin da har yanzu yake hawa mumbari yana tsorata mata da abin da bai karanta ba, ya tuna fatawa a kan ran yaro ba abin wasa ba ce.

Gwamnati ma ba za ta fita fes ba. Tambayar da talaka ke yi tana da nauyi: me ya sa ake biyo ni har gida da ɗigon cutar da ban taɓa gani a gidana ba, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗana sai a rubuto mini takarda in je kemis? Amsar ilimi tana nan, cewa shan inna cuta ce da za a iya shafe ta daga doron ƙasa gaba ɗaya, don haka duniya ta zuba mata kuɗi. Amma wannan amsa ba ta shiga kunnen wanda ya je asibitin sha-ka-tafi ya tarar da ƙofa a kulle, ko firji ba wuta, ko aka ce ya dawo wani mako don ba za a buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ba, ko ma'aikaciya ta daka wa matarsa tsawa a gaban jama'a don ta makara. Kowace irin wannan rana tana haifar da sabon mai ƙi. Duk da haka, garuruwan da ke cewa ba za su fito da yara ba sai an gyara musu hanya ko an kawo taransifoma, su sake tunani. Buƙatarsu gaskiya ce, amma shugaban ƙaramar hukuma ba ya rasa barci don ɗanka ya kamu da ƙyanda.

Mafi muni shi ne haɗin bakin da ake yi a soro. Uwa ko uba su ce wa mai ɗigo, ki shafa masa tawadar a yatsa kawai, kar ki ba shi. Ita kuma don ta cika takarda ta karɓi ɗan alawus ɗinta sai ta shafa, ta rubuta da alli a bango cewa an yi, wataƙila ta zubar da maganin a kwata. A ofis alƙalami ya nuna unguwa ta tsira, a cikin gida yaro yana nan tsirara a gaban cuta, kuma babu mai sake nemansa domin a rubuce an gama da shi. Wannan cin amana ne daga ɓangarorin biyu, kuma duk mai unguwar da ya san ana yi ya kau da kai, da shi a ciki.

Maganata ta fi karkata ga maza, domin a yawancin gidajenmu ba uwa ce ke hanawa ba. Ita ce ta yi naƙuda, ita ke kwana da yaro, sau da yawa tana so. Wasu ma a ɓoye suke kai yaran in sun je unguwa, su ɓoye katin a gidan maƙwabta don kar a yi musu saki a kan allura. Malam mai gida, kai da ka yanke hukuncin a majalisa kana shan shayi, ba maƙogwaronka ne zai toshe ba, ba ƙafarka ce za ta shanye ba. Wanda zai ɗauki sakamakon ko magana bai iya ba tukuna. In kana da shakka, haƙƙinka ne ka yi tambaya: ka je asibitin da kanka, ka ce a nuna maka kwalbar, ka duba ranar lalacewarta, ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka, ka tambayi wace cuta take karewa da abin da za ku yi in jikin yaron ya yi zafi. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Yau in ka koma gida ka ce a ɗauko maka katin kowane yaro, ka duba layin da babu sa hannu. Wanda aka fara wa aka tsaya ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Wanda ba a taɓa yi wa ba, in bai kai shekara 5 ba, har yanzu ana karɓarsa. In katin ya ɓata a je haka nan, ma'aikaciya za ta yi tambayoyi ta duba damtsensa ta san inda za ta kama. Mai unguwa ya san ranar da ake allura a asibitin da ke kusa da ku. Abin da uwar yaron ke jira daga gare ka izini ne da kuɗin mota.